Ɗan Nasara

Barking, Landan
12 ga Maris, 2023

Zuwa ga Kaka Mordekai,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fasto Istifanus da duk mutanen Gidan Kurna. Yaya gwiwa? Yaya kunnen nan naka da ba ya shiri da waya? Ran Kirsimeti da Fasto ya kara maka ita, ina nan ina ta kwarara ihu, kai kana can kana tambayar wane ne, har maƙwabciyata ta buga mini bango. Tunda ka ce wasiƙar da aka ɗauki hotonta aka turo ta waya ba wasiƙa ba ce, to ga biro ga takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san tun ina firamare kake cewa kamar kaza ta yi tono.

Mu lafiya lau. Ina nan ina tuƙa bas ɗina mai hawa biyu, sanyi ya fara sassautawa. Babban albishir shi ne amaryarka Gift tana da juna biyu, wata na biyar, likita kuma ya ce mace ce. Ƙarshen Yuli muke sa rai. Kaka, yayanka da ya haifi babana ban taɓa ganinsa ba. Kai ƙanensa kai ka riƙe babana, ka riƙe ni bayan rasuwarsa, kai ka raɗa mini Ifraimu. Saboda haka yarinyar nan ba ta da suna sai wanda ya fito daga bakinka. Gift ta yarda, ko da yake na kama ta tana ɓoye wata 'yar takarda da ta jera sunayen Turanci.

Akwai wani labarin. Duk Asabar da safe ina zuwa wani aji a ɗakin taro na wata majami'a kusa da Charing Cross, inda wata dattijuwa take koyar da tarihin masu bi na farko. Ni da ka yi ta kora makarantar Lahadi da tsumagiya, yau da ƙafata nake zuwa, har ina zama a layin gaba.

Abin da nake ji ya girgiza ni. Ashe 'yan tsiraru ne, masunta da bayi da gwauraye da 'yan tireda. Ba su da ginin sujada, a ɗakunan mutane suke taruwa, bawa da ubangidansa su sa hannu a akushi ɗaya. Gicciyen da muke ratayawa a wuya, a wajen Romawa mutuwar wulaƙanci ce da ake yi wa bayi da 'yan tawaye, mutumin kirki ko ambatonsa ba ya yi a gaban abinci. Shekara kusan ɗari uku ana kama su lokaci bayan lokaci, ana jefa wasu ga namun daji, masu ilimin zamanin suna yi musu dariya. Labarin Almasihu kuwa a jirgin 'yan kasuwa ya yi ta tafiya daga gari zuwa gari, da kuma wasiƙu irin wannan, da ake ba matafiyi ya kai.

Gift tana kira, za mu asibiti awo, a hanya zan jefa takardar. Amma bari in faɗa maka kan maganar a taƙaice: Kaka, addinin nan namu ba na nasara ba ne, bai kuma taɓa zama na nasara ba. Tun da na gane haka nake jin kamar an sauke mini kaya. Sauran bayani sai wani jiƙon.

Jikanka,
Ifraimu


Gidan Kurna, ta Malumfashi
24 ga Afrilu, 2023

Ifraimu,

Na gaishe ka, na gaishe da Gift, Allah ya sauke ta lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka sani. Zafi ya yi yawa bana, rijiyar bayan majami'a ta ja baya, amma ba mu rasa na sha ba. Takardarka ta yi mako biyar a hanya, da ta ƙara wasu biyar da ya fi mini.

Na karanta ta da tabarau, na cire na goge, na sake karantawa. Na yi murna da farkonta har na aika a kira Fasto ya ji albishir. Kafin ya iso na kai ƙarshe, sai na ninke ta na sa a aljihu, na ce masa gwiwa ce ta motsa. Ban taɓa yi wa bawan Allahn nan ƙarya ba sai a kanka.

Ka ce ba na nasara ba ne. To na mene ne? Ina da shekara ashirin da ɗaya na bar gidan ubana da riga ɗaya saboda nasara. Na kwana a rumbun da ba kowa, na yi wa'azi a kasuwanni ana jifana da ɓawon rake, na binne matata, na binne ubanka da hannuna, ban karaya ba. In babu nasara a cikin abin nan, me na bi shekara sittin? Kai kuma har kana jin an sauke maka kaya. Ni kayan a kaina ka ɗora shi.

Na san masu zuwa can su dawo da sabon baki. Ban zaci kai ba. Wata tsohuwa ta tara ku ran Asabar ta ba ku labarin masunta da namun daji, shi ke nan ka zubar da abin da na shayar da kai.

Maganar suna, ka bar ni. Suna addu'a ce, ni kuwa ban san gidan da zan aika da addu'ar ba yanzu. Ka ba matarka takardarta ta zaɓa, ai ka ce ta jera.

Ina yi maka addu'a safe da yamma, wannan ba zan bari ba.

Mordekai


Barking
21 ga Mayu, 2023

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da zafi da gwiwa. Gift tana lafiya, ƙafa ce kawai take kumbura. Ban nuna mata takardarka ba, don ba na son ranta ya ɓaci a halin da take ciki.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce saboda nasara ka bar gidan ubanka. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka saboda Almasihu ka bari. Ban raina Turawan mishan ba, sun kawo asibiti da makaranta, wasunsu a ƙasarmu aka binne su. Amma ɗan aike daban, mai saƙo daban. Me ya sa za ka ce in babu su babu abin bi?

Ka ji abin da tsohuwar da ka raina ta koya mana. A garin Antakiya, can wajen Siriya, aka fara kiran masu bi Kirista. Masar ta cika da su tun Landan ɗin nan tana ƙaramin garin Romawa. Na je da kaina na ga wani ɗakin tsafi da aka tono a ƙarƙashin tsakiyar birnin nan, inda mutanen lokacin suke bauta wa gunkinsu. Sarkin Habasha ya karɓi bangaskiya fiye da shekara ɗari biyu kafin sarakunan Ingilishi su karɓa. Manyan malaman da suka zauna suka yi tunani a kan abin da muke furtawa yau, da yawansu 'yan arewacin Afirka ne.

Kuma tunani suka yi na gaske, ba haddar waƙa ba. Masu falsafa na Helenawa, wato Girkawa, suna da wata kalma da suke nufin hikimar da ta tsara duniya take kuma riƙe da ita, wadda ta sa rana ba ta saɓa lokacinta. A ganinsu abu ne mai nisa, ba ya jin yunwa, ba ya kuka. Da yawansu kuma sun ɗauki jiki a matsayin kurkukun rai. Sai ga masu bi sun ɗauki kalmar nan tasu suka ce musu, wannan hikimar da kuke faɗa ta zama mutum, ta ci gurasa, ta gaji, an kashe ta, ta kuma tashi da jiki. Ita ce muke ce wa Kalma da Hausa. Ka ga yadda suka shiga harshen mutane suka yi magana daga ciki, kamar yadda kai ka yi a kasuwannin da ka ambata. Wane Bature ne a cikin wannan labarin?

A bas ɗina akwai masu ce mini na bi addinin waɗanda suka mulke mu. Da ba ni da amsa, yanzu ina da ita, shi ne kayan da na ce an sauke mini. Na zaci kai ne za ka fi kowa murna. Babana ya taɓa gaya mini a garinku ana ce maka ɗan nasara, ina jin haushin masu faɗa. Yau da bakinka ka nuna mini ba ƙarya suka yi ba.

Ifraimu


Barking
6 ga Agusta, 2023

Kakana,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Ina fata damina ta yi albarka, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Wata biyu da rabi ke nan ban ga rubutunka ba. Na tambayi Fasto ta waya, ya ce kana nan, sai dai ka rage fita, abinci ma sai an matsa maka.

Gift ta sauka ran Asabar, ashirin da tara ga Yuli, da hantsi. Mace ce, lafiyayya, mai yawan gashi, da goshi irin na gidanmu. Uwa da 'ya suna gida.

Kaka, na yi maka laifi babba, kuma sai shekaranjiya na gane. Gift ta matsa mini a kan suna, dole na fito da takardarka na ba ta. Ka san ita ba ta iya karatun Hausa a zuci ba, sai ta ɗaga murya. Da ta zo kan layin da ka ce ka bar gidan ubanka, sai na ji ta faɗi kalmar da wata murya dabam da wadda nake ji a kaina. Na ce ta sake. Ta sake, ta dube ni ta ce, “Ai cin nasara yake nufi. Ba ka ga ya ce na mene ne ba? Da mutum yake nufi, na wane ne zai ce.”

Na zauna a bakin gado. Ni Nasara nake nufi, Bature, irin yadda ku tsofaffi kuke faɗa, don da kalmarka na so in yi maka magana. Sai na rubuta ta da ƙaramin harafi cikin sauri. A baki ba mai haɗa su, a takarda kuwa ba su da bambanci. Kai ka karanta cewa na ce bangaskiyarmu ba ta da nasara, bayan na cika maka shafi da labarin kisa da wulaƙanci. Ni kuma na karanta amsarka na ɗauka Turawa kake karewa. Ban bar bangaskiya ba, Kaka, ban taɓa riƙe ta kamar yanzu ba. Layin da na rufe wasiƙata ta Mayu da shi kuwa, da ana janye rubutu da na bi shi da ƙafa har Malumfashi. Ka gafarce ni.

Akwai abin da nake so ka ji. Ina da aboki, Umar Faruq, Bakano ne mai haɗa magani a wani kanti a nan Barking, ya yi karatun Larabci sosai. Ya zo barka da matarsa, na ba shi labarin wautata. Bai yi dariya ba. Ya ce ai kalmar Nasara asalinta ba ta da alaƙa da farar fata. Da ita Larabawa suke kiran mabiya Almasihu tun kafin su san akwai wata ƙasa Ingila, kuma galibin masana sun ce daga sunan garin Nazarat ta fito, wato mutanen Banazare. Ya ce wasu malamansu kuma suna danganta ta da kalmar taimako, tushen da nasara ta cin galaba ta fito. Da Turawa suka zo ƙasar Hausa aka ga Kirista ne, sai aka kira su da sunan, har ya manne musu. Jiya Asabar na tambayi malamarmu, ta ce haka ne, Nazarawa yana cikin sunayen farko da aka kira masu bi da su, kuma da raini aka fara faɗarsa.

Yanzu ga inda muke. Dokar ƙasar nan ta ba mu kwana arba'in da biyu mu rubuta sunan jariri a ofishin council, wato ƙaramar hukuma, namu zai cika ran tara ga Satumba. 'Yan'uwa a majami'armu ta Plumstead suna ta tambaya yaushe suna, ina ce musu muna jiran gida. Gift ta yayyaga takardarta da kanta, ta ce ita ma za ta jira. A yanzu Baby kawai muke ce mata, abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na faɗa. In ranar ta zo ba mu ji daga gare ka ba, dole in rubuta wani abu, amma zan san ba sunanta ba ne.

Matar Umar Faruq za ta Kano jibi, ita za ta ba direban Malumfashi takardar nan ya kai wa Fasto.

Jikanka mai neman gafara,
Ifraimu


Gidan Kurna
4 ga Satumba, 2023

Abokina Ifraimu,

Na gaishe ka, na gaishe da amaryata, sannu da arziki, Allah ya raya. Ruwa ya yi kyau, gero ya fitar da kai. Ni dai jiki ya yi nauyi, na kwanta kwana goma sha biyu, shi ya sa ka ji shiru bayan takardarka ta iso. Yau na tashi zaune. Na ce wa Fasto ya ɗauki hoton wannan ya tura maka ta waya, don na ƙirga kwanakin na ga gidan waya ba zai kai ba. Kada ka saba, sau ɗaya ne.

Kuskuren karatu na gane shi tun wasiƙarka ta Mayu. Ina ganin ka fara zancen Turawan mishan na ce, kai, Mordekai, ka yi wa yaro hukunci a kan harafi. Har na fara dariya, ina cewa gobe zan rubuta in ce maka duk mu biyu makarantar dare ta kama mu. Zancen Kalma da ka yi ma ya yi mini daɗi, na yi wa'azinsa shekaru ban san daga bakin Helenawa aka karɓo ta ba. Sai na kai layinka na ƙarshe. Shi ya ɗaure mini hannu wata uku.

Ubanka ya gaya maka ana ce mini ɗan Nasara. Bai gaya maka wanda ya fara faɗa ba, don shi ma bai sani ba. Innata ce. Ranar da na dawo daga baftisma tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni da wani abu ba. Ta ɗauki ƙwaryar da nake shan fura da ita ta kife a kan danga, ta ce, “Tashi ka tafi, ɗan Nasara, ni ban haifi Bature ba.” Shekara goma sha tara ta yi bayan haka. Ina aika mata da hatsi ta karɓa ta rabar, ba ta taɓa cin ko ƙwaya ba. Da ta rasu na tsaya daga nesa, a gindin wata tsamiya, ina kallo aka kai ta.

Mace ce mai tsoron Allah, mai sallah, ba ta taɓa hana maƙwabci gishiri ba. A ganinta ɗanta ya sayar da kansa ga baƙi, wace uwa ce za ta ji daɗin haka? Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Duk wa'azin nasara da na yi, a ƙarƙashinsa akwai tsoron kada ya zamana gaskiya ta faɗa, cewa na bar uwata ne don in zama ɗan wasu. Shi ya sa ban taɓa ambaton sunanta a gidana ba, ban kuma bari an sa wa wata 'ya ba. Fushi nake ce wa abin, amma kunya ce.

Na sa Fasto ya karanta mini maganar abokinka da ƙarfi a kunnen da yake ɗan ji, sau uku. Ka gaishe shi, ka ce wani tsoho ya gode. In haka ne, to Inna ba ta san abin da ta faɗa ba, ni ma da na ji ban sani ba. Ta buɗe baki za ta kore ni, sai ta kira ni da sunan da aka kira na farkonmu da shi. Mai yi mini baftisma ya ba ni Mordekai da safe, ita ta ba ni nawa da azahar, kuma nata ne na asali. Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba a gindin tsamiya.

Na gafarta maka, kai ma ka gafarce ni, ni na fara.

Ka je ofishin nan nasu kafin Asabar. Sunan yarinya Zaratu. Ka tsaya a kansu su rubuta shi daidai, harafi bayan harafi, kai dai na san hannunka. In mutanen majami'arku sun ce ba su san shi a sunayen masu bi ba, ka ce musu daga yau sun sani.

Ni ka san bakina ba zai iya kiran sunan ba, rubutawar ma sai da na huta. Inna zan riƙa ce mata. Ban sani ba ko zan kai lokacin da za ku kawo ta, gwiwa da ƙirji suna ta shawara a kaina. Saboda haka kada ka jira. Ka ɗauke ta yau, ka kai bakinka kusa da kunnenta, ka ce mata ɗanta yana gaishe ta, yana kuma tambaya ko ya iya shigowa gida.

Kakanka,
Mordekai